Albasar da ta yi barci ita ce uwar iri

Idan damina ta ɗauke, iska ta fara juyawa, masu albasa a Badagishiri da Galmi da Tsarnawa sukan buɗe rudu su duba abin da ya rage. Wata albasar ta ruɓe. Wata ta bushe ta zama ɓawo. Wata kuwa tana nan da ƙarfinta kamar jiya aka cire ta, sai ɗan kore da ya fara leƙowa a bakinta. Ba wanda ya ba ta ruwa. Ba wanda ya sa mata taki. Wata shida tana kwance cikin rudu, amma ta san lokaci ya yi.

Wannan albasa ta uku ita ce dukiyar manomi, domin daga gare ta ake samun iri na kirki. Amma manoma da yawa ba su jiran ta. Suna ɗibar iri daga albasar da ta yi fure tun shekarar farko, don ya fi sauƙi. Sauƙin nan yana da tsada. Tsadar ba ta fitowa nan take, sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da garka ta cika da karan fure, buhu kuma ya ƙi cika.

Rumbu a cikin ƙasa

Ganye shi ne madafar tsiro. Da hasken rana, da ruwa, da iska yake haɗa abinci. Gero da dawa suna tara abincin nan a zangarniya, sannan su mutu. Wasu tsirrai kuma a ƙasa suke ɓoye nasu. Rogo da dankali a saiwa. Aya a ƴan ƙwayoyinta. Tafarnuwa da albasa a kai. Idan lokacin wahala ya zo, ganye ya bushe, wanda bai sani ba sai ya ce tsiron ya mutu. Bai mutu ba. Barci yake yi a kan rumbunsa.

Makiyaya sun san albasar kwaɗi. Duk rani ba a ganin ta. Ruwan farko na sauka sai ga ganyenta, tun ciyawa ba ta rufe ƙasa ba. Ba ruwan bana kaɗai ya ba ta wannan saurin ba. Abincin bara take ci.

Mutane da yawa suna zaton kan albasa saiwa ce. Ba saiwa ba ce. A yanka shi a tsaye, daga baki zuwa gindi, a duba. Za a ga ɓawo a kan ɓawo. Kowane ɓawo gindin ganye ne da ya kumbura da abinci. A can ƙasa akwai wani ɗan faifai mai tauri, inda saiwoyi ke fitowa. Wannan faifan shi ne karan albasa na gaskiya. A kansa idanu suke, waɗanda za su tsiro. Idan faifan yana da lafiya, albasa tana da rai, ko an yanke samanta. Idan faifan ya ruɓe, magana ta ƙare.

Fure mai gemu

A ƙasashen sanyi akwai wani fure da ke da irin wannan hali. Sunansa iris. Larabawa suna ce masa sausan. Ba a cin sa, dabba ma idan ta ci gindinsa yana ɓata mata ciki. Don ado ake shuka shi a bakin gida da cikin lambu. Amma masu shuka shi sun daɗe suna lura da shi, kuma abin da suka koya yana da amfani ga mai albasa.

Ganyen iris kamar takobi yake, a jere kamar mafici. Furensa yana da kunnuwa shida. Uku suna tsaye, uku sun sunkuya. A kan waɗanda suka sunkuya akwai layin gashi mai laushi. Shi ya sa ake ce masa mai gemu. Gemun yana nuna wa ƙudan zuma hanyar shiga cikin fure. Launinsa iri-iri ne: shuɗi, fari, rawaya, ruwan hanta, da mai kama da ɓawon albasar Galmi. Saboda yawan launin ne Girkawa suka ba shi sunan bakan gizo. A Amurka har ƙungiya masu shuka shi suka kafa a shekarar 1920. A ƙasar Italiya, wajen birnin Fulorans, da kuma duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, ana noma shi don kuɗi. Ana haƙe gindinsa, a fere, a shanya, a ajiye wajen shekara uku kafin ƙanshinsa ya fito, sannan a sayar wa masu haɗa turare. Akwai wani fari da asalinsa daga ƙasar Larabawa ne, wanda aka saba shukawa a maƙabartun Musulmi a ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum. Can kudancin ƙasar Hausa, inda ruwan sama ya fi yawa, yana da ɗan uwa na daji da ake kira rumana.

Gindin iris ba dunƙule ba ne kamar albasa. Doguwar gaɓa ce mai kauri, kamar ɗanyar citta, tana kwance a saman ƙasa. A cikinta abinci yake. A Turai sanyi yana tsananta daga Disamba zuwa Fabrairu, har ruwa ya daskare. Lokacin nan iris yana barci. Daga watan Maris rana takan ƙara tsawo, ƙasa ta yi ɗumi. Masu fassara sukan kira wannan lokaci bazara, amma ba bazarar Adar ba ce mai ƙuna. Lokaci ne mai daɗi, ba zafi ba sanyi. A nan ne sababbin ganye ke fitowa daga bakin gaɓar, suna ƙaruwa kullum. Tsakanin Afrilu da Yuni sai fure ya buɗe.

Mai lambu ba shi da aiki mai yawa a lokacin. Yakan kwashe busassun ganyen bara don ƙwari da cuta kada su ɓuya a ciki. Yakan cire ciyawa da hannu. Shi ke nan. Furen da zai gani bana, tun bara aka tara abincinsa. Wanda ya aske ganye da wuri bara, bana zai ga ganye ba fure.

Abu uku ke kashe iris, kuma duk masu shuka shi sun san su. Na farko binnewa da zurfi. Gaɓar tana son bayanta ya riƙa ganin rana, saiwoyi kawai ke shiga ƙasa. Na biyu ruwa mai kwanciya. Na uku yawan taki mai sa ganye. Idan waɗannan suka haɗu, gaɓar takan yi laushi, ta ruɓe, ta yi ɗoyi. Fari bai cika kashe shi ba. Yawan kulawa ya fi kashe shi.

Bayan shekara uku zuwa biyar gaɓoɓin sukan cushe wuri ɗaya, fure ya ragu. Sai a haƙe su bayan fure ya wuce, a yar da tsohuwar gaɓa, a raba ƴaƴan, a dasa kowanne daban. Gaɓar da ta yi fure sau ɗaya ba ta sake yi, ƴaƴanta ke gadon ta.

Wanda ya ga hoton furen nan ya yi sha'awa, kada ya kashe kuɗinsa. Iris mai gemu yana bukatar sanyi mai tsanani da tsawo kafin ya yi fure. Ɗarin Badagishiri bai kai nan ba. Damina mai zafi kuma ruɓar da shi za ta yi.

Inda albasa ta bambanta

Mai iris yana da wata sa'a da mai albasa ba shi da ita. Shi gaɓa yake rabawa. Ɗan da ya fito daga gaɓa kamar uwarsa yake sak, ko bayan shekara 100. Launi ba ya sauyawa. Albasa kuwa da ƙwayar iri ake shuka ta. Ƙwayar iri tana da uwa, tana da uba. Tana ɗaukar hali daga nan, ta ɗauka daga can. Don haka irin albasa yana iya gyaruwa, yana kuma iya lalacewa. Abin yana hannun wanda ke zaɓe.

Albasar Galmi ba daga sama ta faɗo ba. Manoman kwarin Maggiya ne suka yi ta zaɓe, kaka da kakanni, har ta zama yadda take: kai mai ɗan faɗi, ɓawo ruwan hanta, yaji mai ƙarfi, jiki mai tauri da ke jure ajiya da doguwar tafiya. Bayan samun ƴancin kai, masu binciken noma na IRAT sun tattara ta, sun tace ta a Tarna kusa da Maraɗi. A shekarar 1975 aka kafa INRAN, ta gaji aikin. Yau sunan wannan gari na gundumar Malbaza ya kai kasuwannin Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano da Lome.

Suna mai kyau yana jawo ido. Akwai lokacin da wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi a rubuta masa sunan albasar Galmi a matsayin nasa, a hukumar OAPI da ke Yawunde. Nijar da ƙungiyoyin manoma suka ƙi yarda, kamfanin ya sauya wa irinsa suna. A shekarar 2023 aka miƙa wa Nijar takardar da ke kare sunan albasar Galmi, tare da na kilishi. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai takarda suna take karewa. Albasar kanta, a fangali ake kare ta.

Shekara ɗaya ko shekara biyu

Albasa tsiro ce ta shekara biyu. Shekarar farko aikinta ta yi ganye, ta tara abinci, ta yi kai, ta kwanta. Shekara ta biyu aikinta ta farka, ta ci abin da ta tara, ta fitar da kara, ta yi fure, ta yi iri. Sanyi ne ke ba ta umarnin yin fure. Albasar Turai tana bukatar sanyi mai yawa. Ta Galmi kuwa sanyin dararen Disamba da Janairu ya ishe ta.

A nan matsalar take. A kowace garka akwai wasu masu gaggawa. Ɗari na taɓa su sai su fitar da karan fure tun shekarar farko, kai bai gama cika ba. Abincin da ya kamata ya shiga kai sai ya tafi kara. Kan yakan fito ƙarami, da kara mai tauri a tsakiyarsa. Wuyansa ba ya rufewa. Ruwa da cuta suna shiga ta nan. A rudu ita ke fara ruɓewa, ta ruɓar da na kusa da ita. A kasuwa ɗan kasuwa yana ware ta gefe.

Wani lokaci laifin na lokacin shuka ne. Ƙaramar albasa ba ta jin umarnin sanyi. Sai ta kai wani girma, wuyanta ya kusa kaurin fensir, sannan take ji. Dashen da ya tsufa a wurin reno, ko wanda aka dasa da wuri har ya girma kafin tsakiyar ɗari, ya fi yawan yin fure. Amma gaggawa kuma hali ne da ake gado.

To, a duba abin da ke faruwa. Manomi ya ga karan fure a garkarsa. Ya ce ga iri kyauta, ba ajiya, ba asara. Ya bar su suka nuna, ya yanke, ya shuka baɗi. Wa ya zaɓa? Ya zaɓi masu gaggawa kaɗai. Masu haƙuri, waɗanda suka yi manyan kai, duk ya sa su a buhu sun tafi Gana. Baɗi masu gaggawa za su ƙaru. Baɗin baɗaɗa su ƙaru kuma. Kamar makiyayi ne da ke sayar da kyawawan raguna kowace shekara, ya bar gurgu cikin garke. Ba a yi masa sata ba, ba a yi masa sammu ba. Da hannunsa ya sauya irinsa.

Zaɓen uwa da ajiyarta

Zaɓe yana farawa tun albasa tana fangali. Mai garka ya zaga, ya sa ido kan waɗanda ba su fitar da kara ba, ganyensu lafiya lau, wuyansu ya kwanta tare da na sauran. Duk wadda ta yi kara a tuge ta a kai madafa. Uwar iri ba ta son takin ure a ƙarshen noma. Ure yana sa ganye, yana kumbura wuya, yana cika kai da ruwa. Abin da ke ruɓar da gaɓar iris shi ne ke ruɓar da albasa. A tsai da ban-ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cirewa. A cire da hankali, kada kalme ya ji mata ciwo. A bar ta ta sha iska, ganyenta yana rufe da kanta don rana kada ta ƙone ta, har wuya ya bushe sarai. Sannan a yanke ganyen, a bar ɗan wuya kamar faɗin yatsa biyu.

Babbar albasa tana burge ido, amma ba ita ce ta fi jure ajiya ba. A ɗauki matsakaiciya, mai faɗin santimita 4 zuwa 6. Wuya siriri. Ɓawo cikakke, launi na Galmi sosai. A bar fara, a bar doguwa, a bar tagwaye. Kuma kada a ɗauki kaɗan. Irin da ya fito daga uwa 10 kacal yana raunana, kamar garken da ba a taɓa kawo masa baƙon rago ba. Gara su kai 100 ko fiye. Mai ƙaramar garka a bayan gida, wadda ba za ta iya ajiye wannan yawa ba, sai ta haɗa kai da maƙwabtanta su yi fangalin iri guda.

Masu bincike sun gano wani abin mamaki game da barcin albasa. Zafi ba ya tashe ta. Idan awon zafi ya wuce digiri 25 zuwa 30, kuma wurin a bushe yake, barcinta nauyi yake ƙarawa. Sanyi-sanyi ne ke tashe ta, tsakanin digiri 10 da 20. Shi ya sa take wuce Afrilu da Mayu lafiya cikin rudu. Abokin gabanta shi ne laima. Damina ce jarrabawa. Rudu ya zama a kan tudu, gindinsa a ɗage daga ƙasa, iska tana ratsawa ta ko'ina, rufinsa ba ya yoyo. Kada a tula albasa da zurfi. A riƙa dubawa kowane mako biyu, a fitar da mai laushi da mai wari.

Ajiyar nan ita kanta zaɓe ce. Wadda ta ruɓe a Agusta ta fita daga cikin iyaye. Wadda ta tsiro tun tsakiyar damina ita ma ta fita. Wadda ta kai Oktoba da ƙarfinta ta nuna halinta, kuma shi za ta ba ƴaƴanta. Asarar da mai rudu ke kuka da ita, wani sashenta kuɗin tace iri ne.

Komawa ƙasa

Ana dasa uwar iri daga Oktoba zuwa Nuwamba, don ta yi ganye kafin tsakiyar ɗari, ta gama fure kafin zafin Maris ya tsananta. Wanda ya makara zai ga fure, amma ƙwaya ba za ta cika ba. A zaɓi wurin da ba a noma albasa ko tafarnuwa ba shekara uku, saboda cutar da ke mai da saiwa ja tana zama cikin ƙasa. Takin gida ya zama ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba.

Manoman yankin Galmi suna da dabara. Sukan yanke saman albasar, kamar kashi ɗaya cikin uku, su dasa gindin. Yankan yana buɗe wa idanu hanya, su fito da sauri kuma tare. Yana kuma tona asirin wadda ta ruɓe daga ciki. Saman da aka yanke ba ya zama asara, yana shiga miya, ko a shanya shi. Wuƙa ta zama mai tsabta. Idan ta shiga ruɓaɓɓiya a wanke ta kafin ta taɓa wata. A bar yankan ya sha iska ya bushe. Wasu sukan barbaɗa masa toka.

Wajen dasawa sai a tuna da iris. Kada a binne da zurfi. Gindi ya zauna cikin ƙasa, baki yana daidai da saman ƙasa, ko a rufe shi da ƴar ƙasa kaɗan. Tsakanin layi da layi santimita 40 zuwa 50, tsakanin uwa da uwa 20 zuwa 30. Kwanakin farko ban-ruwa kaɗan-kaɗan. Uwar tana da guzurinta, ba ta da saiwar shan ruwa mai yawa tukuna. Tun da injin ban-ruwa ya yawaita, cika fangali ya zama abu mai sauƙi, kuma uwar iri da yawa a nan suke mutuwa. Idan ganye ya fito, saiwa ta kama, sai a ƙara ruwa. Daga fitowar kara har ƙwaya ta cika, kada a bar ta da ƙishi.

Lokacin fure

Uwa ɗaya takan fitar da kara uku, ko biyar, wani lokaci fiye. A kan kowane kara akwai dunƙule fari mai ƙananan furanni masu yawa. Furen albasa ba ya iya yi wa kansa barbara da kyau, domin sashen namiji yana nuna kafin sashen mace. Sai ƙwari sun ɗauko garin fure daga wannan sun kai wa wancan. Ƙudan zuma ke yin aikin, da ƙudaje na gida. Wanda ya fesa maganin ƙwari da rana tsaka lokacin fure ya kashe ma'aikatansa. Ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a hammatar ganye suna sa shi fari-fari, a yaƙe su kafin fure ya buɗe. Idan ya zama dole a fesa daga baya, a tambayi malamin gona, a yi da yamma lis bayan zuma ta koma.

Ƙudan zuma bai san iyakar garka ba. Yana tashi daga farar albasa ya sauka kan ta Galmi. Yana tashi daga mai gaggawar maƙwabci ya sauka kan uwar da aka wahala wata shida ana ajiya. Masu noman iri na hukuma suna barin tazarar ɗaruruwan mita, har zuwa kilomita guda, tsakanin iri da iri. A fadamar da garka ke manne da garka, mutum ɗaya ba zai iya wannan ba. Magana ce ta gari. Ƙungiyar manoma ta ware gefe guda don iri, kowa ya kawo uwa iri ɗaya, kuma a yarda cewa duk wanda ya ga karan fure a albasar kasuwa zai karye shi kafin ya buɗe. Garin da ya kasa yin wannan shawara zai ci gaba da sayen iri a hannun wanda bai sani ba.

A zaga fangalin iri kafin fure ya buɗe. Duk uwar da ganyenta ya yi rawaya, ko ya murɗe, ko ta tsugune ba ta girma, a tuge ta a fitar daga garka.

Girbi da gwaji

Iri yana nuna wajen Fabrairu zuwa Maris. Ba ya nuna rana ɗaya. Alamarsa ita ce ƴan kwanson saman dunƙule su fara tsagewa, baƙar ƙwaya ta bayyana. A yanke dunƙulen da ɗan kara, da safe, a sa cikin ƙwarya ko buhu don ƙwaya kada ta zube. A koma bayan kwana biyu ko uku a yanki na baya. A shanya kan tabarma inda iska ke wucewa, a riƙa juyawa. Idan ya bushe a murje da hannu, a sheƙe. Wasu sukan zuba shi cikin ruwa: mai nauyi ya nutse, ƙaiƙayi da holoƙo su taso a kwashe. Dabarar tana da kyau, amma a yi ta da sauri, a shanya nan take har ya bushe ƙarau.

Ƙwayar albasa ƙarama ce. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 250 zuwa 300. Kilo 3 zuwa 5 ya ishi renon da za a dasa hekta guda. Amma ranta gajere ne. Gero yana iya shekara biyu ko uku a rumbu ya tsiro. Irin albasa, a zafi da laima, ƙarfinsa yana faɗuwa cikin shekara guda. A zuba shi cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, bayan ya bushe sosai. A ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba ƙarƙashin rufin kwano ba. A rubuta shekara da sunan iri a jikin kwalbar.

Kafin shuka, ko irin gida ne ko na kasuwa, a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 100. A jera su kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa kusa da randa. A riƙa yayyafa ruwa kada tsumman ya bushe. Bayan kwana 10 zuwa 12 a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun kai 80, iri ne mai kyau. Idan 50 ne, sai a ninka abin da aka saba zubawa a wurin reno. Idan ba su kai 30 ba, a nemi wani tun Satumba, kafin lokacin reno ya wuce.